Ministan da Ya Riƙe Makullai

Akwai wani mutum da aka naɗa ministan raya yankuna. Aikinsa shi ne ya sauke iko daga babban birni ya danƙa wa mutanen karkara. Mutumin ba ɓarawo ba ne, ba kuma malalaci ba. Ya gina ɗakin ajiya a kowace gunduma, ya cika shi da siminti da rodi da katako. Ranar buɗewa aka sha kiɗa, ya tashi ya ce, "Daga yau kayan nan naku ne." Amma da taro ya watse sai ya jefa makullin a aljihu, gama a ransa yana cewa mutanen nan ba su iya riƙon kaya ba. Mai son ko buhu ɗaya sai ya rubuto takarda ya jira.

Ana nan, ran nan da damina aka aiko masa cewa mahaifiyarsa tana kwance rai a hannun Allah, tana ta kiran sunansa. Ya kama hanya. Da ya kai bakin wani kogi sai ya tarar ruwa ya cinye gada, ya kuma fi ƙarfin kwalekwale. Ga ɗakin ajiyarsa can bisa tudu, a kulle.

Ya ce wa wani dattijo da ke zaune a wurin, "Haba! Ga kaya, ga majiya ƙarfi, me kuke jira?"

"Makulli, ranka ya daɗe. Wata biyu ke nan da muka rubuta. Bara da muka fasa kwaɗo muka gyara kwalbati, mutum uku aka tsare mana."

"Ni ne ministan. Makullin na baro shi a birni. Ku fasa!"

Dattijon ya ce, "To, za mu fasa. Amma ko yanzu muka fara, sai bayan kwana huɗu mota za ta wuce."

Dole ya juya ya bi doguwar hanya. Da ya isa gida washegari, sai ya gamu da mutane suna dawowa daga jana'iza. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka mai zafi.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, bayarwa da baki ba bayarwa ba ce. Ubangiji Yesu da ya aiki almajiransa, ya ba su aiki, ya kuma ba su iko. Mu fa? Dattijon ikilisiya yakan ce wa matasa aikin nasu ne, amma ko benci ba za su matsar ba sai sun tambaye shi. Kai kuma ka ce ka ba Allah ranka, alhali akwai ɗakin da ka kulle. Kafin ka fita daga nan yau, sa hannu a aljihu ka duba, makullin wa ne a ciki?