Manomin da Ya Watsa wa Kaji Tsutsotsi

Akwai wani tsohon manomi mai lambu a bakin rafi. Kowace kaka, malam-buɗe-littafi sukan sauka a lambunsa tuli, masu ruwan goro da ɗigon fari. Fatake sun gaya masa daga bayan teku suke tasowa, su ƙetare hamada. Ga su nan fuka-fuki a yage, ko tashi ba sa iyawa sosai.

Tsohon yana tausayinsu ƙwarai, gama shi ma ya gaji, gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi. Ba shi da wani abin faranta rai sai zuwansu. Yakan bar musu furanni, ya zuba ruwa a kasko, ya ce, “Sannunku da hanya, bayin Allah.” Suka yi kwanakinsu, suka mutu.

Ba a jima ba, sai tsutsotsi suka cika ramarsa, suna ta huda ganye. Ya ce, “Kai! Da wanne zan ji?” Ya bi kunya-kunya yana tsince su a ƙwarya, ya watsa wa kaji.

Da iska ta juya, ya zauna yana jiran ya ga sabon garken malam-buɗe-littafi ya tashi arewa, kamar yadda yakan gani a dā. Shiru.

Matarsa ta ce, “Maigida, wa kake jira? Waɗanda ka yi wa sannu ƙwai suka zo sakawa. Tsutsotsin nan 'ya'yansu ne, masu ci gaba da tafiyar, ai kuwa kajinmu sun cinye su.”

Ya dubi ƙwaryar.

Ma'anar wannan misali ita ce: ba wanda yake gama tafiyar bangaskiya shi kaɗai. Iyayenmu sun kawo bishara daga nesa, da ƙafa, suka miƙa mana. Muna girmama su, muna ba su kujerar gaba, daidai ne. Amma yara fa? Da sun yi motsi a cikin sujada, sai mu ce, “Ku fita waje!” A gida kuma mu ce mun gaji, addu'a sai gobe. Na sani kun gaji, 'yan'uwa, ni ma na gaji. Yara suna cin ganye, ban musa ba. Amma in muka kore su, tafiyar da ta ƙetare hamada a ƙofar gidanmu za ta mutu.