Kibiyar da Biri Ya Zaɓa wa Korau

Ga ta nan, ga ta nanku, na zaro ta daga kwari!

Ta zo mu ji ta, Kaka, Allah ya sa ta miƙe!

To, ku matso. Kai Ɗanlami, sauke karan nan da kake auna mutane da shi, yau labarin irinka za a ba da.

An yi wani mutum ana kiransa Korau. Ubansa maharbi ne na gaske, ya rasu ya bar masa baka da kwari. Bakan yana nan garau, amma kibiyoyin gara ta cinye su, don Korau bai taɓa buɗe kwarin ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya rataya baka ranar kasuwa, yana tafiya yana buɗa kafaɗu.

Gona ɗaya gare shi, ta masara, a gindin dutse. Ita ce abincinsu shi da matarsa Tabawa, ita ce kuma irin baɗi. Masara ta yi goyo, ta fitar da gemu, sai wani jan biri ya sauko daga dutse ya mai da gonar kamar ta ubansa.

Tabawa ta ce, "Maigida, birin nan zai bar mu da kara."

Korau ya ce, "Gobe zan yanko kyauro in yi kibiya." Kyauro, in ba ku sani ba, shi ne karan da ake yin jikin kibiya da shi.

Tabawa kuwa 'yar mai yin kibiya ce. Ta ce, "Da daminar nan? Ai ɗanye ne. Babana da rani yake yanka, siriri wanda ya bushe a tsaye. Ya soke shi a rufin madafa ya sha hayaki shekara guda. Sannan ya gasa shi a kan garwashi, ya miƙe shi gaɓa-gaɓa, ya kanne ido ɗaya ya duba."

Korau ya ce, "Ke da tuwo, ni da baka."

Ashe Biri yana kan darbejiyar bayan gida, ya ji komai. Da safe Korau ya isa fadama, ya tarar da shi zaune ya harɗe ƙafa.

Biri ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Baka!"

Ba wanda ya taɓa naɗa Korau ko sarkin tsintsiya. Nan take kansa ya kumbura. Ya ce, "Kai ne ɓarawon? Kashe ka zan yi."

Biri ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe, na kuma haƙura. Na tsufa. Roƙona ɗaya ne: kada ka kashe ni da 'yar siririyar kibiya baƙa irin ta talakawa, dangina su yi mini dariya. Maharba tara suka harbe ni, ba wanda ya fi ni sanin kibiya. Bari in zaɓa maka."

Korau ya ce, "Kana da hankali."

Biri ya nuna masa kyauro mai kauri, kore shar, ruwa na ɗiga daga gindinsa. Ya ce, "Ga na manya." Korau ya yanki uku.

Biri ya ce, "Kada ka sa a hayaki, zai yi baƙi kamar gindin tukunya. Shimfiɗa shi a kan dutse, rana ta buga shi yini ɗaya." Korau ya shimfiɗa. Kafin la'asar kowane kara ya lanƙwashe, wannan ya kalli gabas, wannan ya kalli yamma, na ukun ya kasa yanke shawara.

Korau ya ce, "Ya karkace."

Biri ya ce, "Ladabi ne, ranka ya daɗe. Rusuna maka yake yi."

Biri ya ce kuma, "Maƙeri ya ƙera maka kai babba, kamar na mashi. Kada ka ɗaure da jijiya, tana wari. Jan zare za ka sa, ka manna gashin zabo a gindi." Ku dai kun san maharbanmu ba sa sa wa kibiya gashi. Amma Korau ya manna, har da tuntu.

Da ya shiga gida da su, Tabawa ta kalle su ta ce, "Wace amarya za a kai wa?"

Ya ce, "Ke da tuwo, ni da baka."

Washegari ya tafi gona. Biri yana kan suri a tsakiyar masara, yana ɓare guda yana waƙa:

"Harbi, Korau, harbi!
Inda ka nufa, nan ne inuwata."

Korau ya ɗana, ya ja tsirkiya, ya saki. Kibiya ta tashi, ta yi kwana hagu, ta tarar da Tabawa tana dawowa daga rijiya. Fas! Tulu ya fashe a kanta. Ta tsaya ruwa yana bin fuskarta. Ranar Biri ya cinye kashi ɗaya cikin uku na gonar.

Kwana na biyu Biri ya matso kusa, ya zauna a kan kunya.

"Harbi, Korau, harbi!
Inda ka nufa, nan ne inuwata."

Korau ya saki. Kibiya ta yi kwana dama, ta tarar da mai gari a kan jakinsa. Ta ɗauke masa rawani, ta kafe shi a jikin kuka. Duk garin suka ga sanƙon da aka shekara talatin ana ɓoyewa. Mai gari ya gudu da hannu biyu a ka, jaki ya gudu nasa wuri. Biri ya cinye kashi na biyu.

Kwana na uku Biri ya zo har taku goma, ya kishingiɗa.

"Harbi, Korau, harbi!
Inda ka nufa, nan ne inuwata."

Korau ya ja da dukkan ƙarfinsa. Jan zare ya warware, kan kibiya ya rabu da jikinta, ya faɗo a kan babban yatsan ƙafar Korau. Ihun da ya yi, har kajin maƙwabta sun daina ƙwai. Biri ya ci rabin abin da ya rage, ya ce sauran na karin kumallo ne.

Korau ya dawo yana ɗingishi. Tabawa ta je ta duba gona, ta ga kunya huɗu kacal ke tsaye. Ta zauna a bakin gonar ta yi kuka, don ta san in waɗannan suka tafi, ba tuwo bana, ba iri baɗi. Ni ma in na zo nan sai raina ya ɓaci.

Da safe, bayan ta sauke koko, ta miƙa hannu cikin rufin madafa ta zaro wani kyauro. Babanta ne ya soke shi a nan ranar da aka kawo ta, shekara bakwai ke nan. Siriri ne, baƙi ƙirin, ba wanda zai ɗauke shi ko a hanya ya tsinta. Ta gasa shi a kan garwashi. Ta miƙe shi gaɓa-gaɓa. Ta kanne ido ɗaya ta duba, ta sake gasawa, ta sake dubawa. Ta zazzage tsohon kwarin, sai ƙananan kawunan kibiya suka zubo, don gara ba ta cin ƙarfe. Ta zaɓi ɗaya, ta ɗaure da jijiyar akuya, ta fiƙe gurbin tsirkiya a gindi. Ba ta shafa dafi ba. Ta ce, "Ina so ya rayu ya ba danginsa labari." Ta jefa ta cikin kwari, ta hura wuta da masu tuntun.

Korau ya isa gona, ya zura hannu, ya zaro. Ya ce, "Wannan wace irin mummunar aba ce?"

Da Biri ya waiwaya, da ya gane ta, don ba ƙarya ya yi ba da ya ce ya san kibiya. Amma yanzu ya daina ma kallon Korau. Ya hau suri, ya juya masa baya, ya ɗaga wutsiya, ya turo masa gindi yana kaɗawa.

"Harbi, Korau, harbi!
Inda ka nufa..."

Korau ya ga ba wata, ya ɗana yana tsaki, ya saki. Fiii! Ba hagu, ba dama. Cak!

Biri ya yi tsalle ya fi kan masara tsawo. Ya faɗo, ya ja gindi a kan dutse tun daga ƙasa har bisa, yana kiran uwarsa da kakarsa. Kibiya ta fita, gashin wurin ma ya fita, bai kuma sake tsirowa ba. Shi ya sa har yau gindin biri ba gashi, shi ya sa kuma ba ya cin loma biyu bai waiwaya ba.

Kunya huɗun nan suka tsira. Aka ci kaɗan, aka rataye iri.

Ranar kasuwa Korau ya ba da labarin sau ashirin, ko sau ɗaya sunan Tabawa bai fito ba. Amma da rani ya yi, aka gan shi a fadama yana yankan siraran kyauro. Ya kawo gida, ya tsaya a ƙofar madafa yana sosa ƙeya. Ya ce, "Tabawa, wannan ya yi?"

Ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba. Ta ce, "Ni da tuwo, kai da baka."

Sai da ya durƙusa, sai da ya sayo sabon tulu, sannan ta karɓa ta kanne ido ɗaya.

To, kun ji. Kada ka bari wanda za ka harba ya zaɓa maka kibiya, kada kuma ka raina ta cikin gida don ta sha hayaki. Kai kuma mai wayo, ko sau nawa aka kuskure ka, riƙa waiwayawa.

Ƙurunƙus kan jan biri! In akwai ƙarya a ciki, ku je ku duba gindinsa. Ɗanlami, miƙo karan nan in ga ko a miƙe yake.