Shingaye Goma Sha Ɗaya

Ku gyara zama. Wannan ba ta dawa ba ce, ta mutanen ofis ce, kuma ku ne alƙalanta.

A wata jiha an yi wani masanin tattalin arziki, Dakta Tanimu Jibo, wanda ya shekara talatin da biyu yana ba gwamnati shawara kan haraji. Gwamnoni suna zuwa suna wucewa, shi yana nan. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: daga fadamu zuwa babbar kasuwa akwai shingaye goma sha ɗaya, kowanne da mai miƙo hannu. Sau uku yana rubuta shawarar a rushe su a bar haraji guda, sau uku ana ce masa ba shi da hujja. Ga ritaya ta ƙarato, har ya fara fid da rai.

Ran nan sai ga wata mai sarin tumatir, Gwaggo Asabe, ta kafe a ƙofar ofishinsa ta ce ba inda za ta. Da aka shigar da ita, ta zazzage masa buhun rasitan kuɗin shingaye a kan tebur, na shekara bakwai, ko ɗaya ba ta yar ba. Ta ce, "Yallaɓai, ni ban yi boko ba. Kai da ka yi, duba ka gaya mini me suka bar mini." Masu shinge suka samu labari, suka tsare motar kayanta kwana uku a rana har tumatirin ya ruɓe. Jarinta ya karye, amma ba ta janye maganarta ba.

Dakta ya miƙa buhun ga Lawandi Barau, jami'in ƙididdiga. Wata huɗu Lawandi yana bin hanyar nan cikin motocin kaya, har ya gano cewa a duk naira goma da aka karɓa, biyu kaɗai ke isa baitulmali. Manyansa suka ce ya sassauta alƙaluman, ƙarin girma na jiransa. Ya sa hannu a kan abin da ya gani. Kafin wata ya mutu an cilla shi wani ƙauye a bakin iyaka, nesa da iyalinsa.

Dakta ya sake rubuta shawararsa, ya haɗa da rahoton Lawandi. Da maganar ta isa majalisa, ƙuri'u suka yi kunnen doki, saura ta Hajiya Dije Magaji. Ita kuwa ba ta ga-maciji da Dakta, ta sha caccakar sa a rediyo, kuma yaran da ke tsaron shingayen su ne suka yi mata yaƙin zaɓe. Ta karanta rahoton har ƙarshe, ta ɗaga hannu. Doka ta wuce. Da zaɓe ya zagayo, jam'iyya ta hana ta takara.

Aka rushe shingayen. Farashin kayan miya ya sauko, abin da ke shiga baitulmali ya ƙaru. Ranar sallamar Dakta, gwamna ya ce za a sa wa sabuwar kasuwar da aka gina sunan Dakta.

Dakta ya ce, "Ranka ya daɗe, ni takarda na rubuta. Ban rasa komai ba."

Gwamna ya ce, "To kawo mini suna ɗaya. Ɗaya fa, Dakta."

Mako guda yana juya abin. In ya ce Asabe, sai ya tuna ba don Lawandi ba, da buhun nan ya zama shara. In ya ce Lawandi, sai ya tuna rahotanni nawa ya gani sun tsufa a durowa don ba a samu mai ɗaga hannu ba. In ya ce Dije kuma, me za ta ɗaga wa hannu da a ce Gwaggo Asabe ta zauna a gida ta haƙura kamar kowa?

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna wa gwamnati abin da kowa zai biya, wannan awon ya gagare shi.

To jama'a, ga ku ga Dakta. Cikin ukun nan, sunan wa ya cancanci hawa ƙofar kasuwar?