Tsofaffin Manoman Euloge

Euloge Dansou ya yi binciken da ya sauya tarihin noman auduga a arewacin Benin. Sauyin bai wuce kimanin minti ashirin ba ya rushe.

Ɗalibin digiri na biyu ne a sashenmu a jami'ar Parakou. Yana da ƙwaƙwalwa, kuma ya san da haka fiye da kima. Ba ya tambayar kowa komai. Abokan karatunsa suka gaji suka ƙyale shi, yana cin sakwararsa da wagashi, cukun Fulani, shi kaɗai. Wata cibiyar bincike ta ce za ta ɗauke shi aiki idan ya kare kundinsa a wannan zangon.

Bayanan manoma ɗari huɗu aka ba shi. Tanti Baké ce ta tattaro su, ma'aikaciyar sashenmu wadda ta shekara ashirin tana bin ƙauyuka da takardun tambayoyi.

"Ɗana, kafin ka taɓa lambobin nan, ka zo in yi maka bayaninsu."

"Tanti, ki huta. Manhajar kwamfuta ta san aikinta."

"To, madalla. Ni dai ban taɓa haɗuwa da ita a gona ba."

Hutu ya zo, kowa ya tafi gida. Euloge ya rage a ɗakin kwamfuta, shi da fanka. Ya umarci manhajar ta raba manoman rukuni uku bisa shekaru: ƙasa da talatin da biyar, matsakaita, sai sittin zuwa sama. Ya gwada bambancin amfanin gonarsu. Tsofaffi suka ninka kowa. Ya waiga don ya nuna wa wani, ya ga kujeru kawai. Ya rubuta shafi arba'in a kan hikimar dattawa.

Ranar kare kundi ina cikin alƙalai. Shugabanmu, Farfesa Sossa, ya nemi a haska jerin shekarun a bango. Ya daɗe yana kallo.

"Malam Dansou, tsofaffinka ɗari da talatin ne. Ɗari da sha biyu cikinsu shekararsu casa'in da tara cif. Wane ƙauye ne wannan? Can nake so in yi ritaya."

Daga kujerun baya Tanti Baké ta amsa a hankali.

"Ranka ya daɗe, idan manomi bai san shekarunsa ba, casa'in da tara muke rubutawa. Yawancinsu ƙarti ne, ba su da takardar haihuwa kawai. Ɗaya ma shi ya ɗago mana mota daga taɓo."

Babu wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi ciwo. Aka ce ya sake aikin. Cibiyar ta ɗauki wata ɗaliba. Abokansa suka yi hoto da rigunan yaye suka watse. Har yanzu ina ganinsa ta taga idan na wuce, a kujerar kusurwa, yana bin layi ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Darasin ba mai wuya ba ne. Na'ura tana yin abin da aka ce mata da cikakkiyar biyayya, ko da shirme ne. Kafin ka kasa mutane rukuni-rukuni, ka tambayi wanda ya gan su da idonsa, ko da kana ganin ka fi shi karatu. Girman kai ya cinye wa Euloge shekara guda da aiki. Tsakanin teburinsa da ƙofar Tanti Baké taku shida ne. Na ƙirga.