Randar Iya Tabawa a Layin Firji

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu kuma yanke mata hukunci.

A wani gari na bakin rafi an yi wata dattijuwa mai ginin randa, ana ce da ita Iya Tabawa. Tun zamanin kakarta ake gasa tukwane a wani fili da ke bayan gidansu. Akwai kuma wani ɗan dutse mai santsi da ake goge jikin randa da shi kafin gashi. Wadda ke riƙe da dutsen ita ce uwar filin, kuma a hannun Iya yake. 'Ya'yanta mata uku, duk sun iya yumɓu: Hansai, da Barira, da autarsu Kuluwa.

Da roba ta cika gari, ciniki ya kwanta. Randuna suka taru har tulinsu ya kusa kai katanga. Wata rana da bazara sai ga Malam Tanimu, ƙanen mijinta marigayi, wanda shi ne babban gidan yanzu.

Ya ce, "Yaya, zamanin randa ya wuce. In ruwan farko ya sauka wannan tulin yana nan, zan kewaye filin in gina shaguna."

Iya ba ta ɗaga kai daga yumɓunta ba. Ta ce, "Tanimu, ruwan da ka sha ka girma daga randa aka ɗebo shi. Je ka, mu haɗu ranar ruwan farko."

Hansai ce ta ɗauki hotunan randunan da wayarta, ta buɗe wa uwarsu shago a kasuwar intanet. Ita wannan kasuwa tana da layuka kamar kowace, sai dai can rukuni ake cewa, kuma kaya ɗaya layi ɗaya yake zama. Da farko ta sa su cikin kayan kicin, suka nitse a ƙarƙashin dubban tukwanen ƙarfe, ba wanda ya gan su. Sai ta mayar da su kayan adon gargajiya. Nan wani mai otal ya sayi biyu, ya ce a tanada masa arba'in, ya aiko da hoto don a ga kyan da suka yi. Iya ta karɓi wayar ta duba. An huda gindin randa, an cika ta da ƙasa, an dasa fure. Ta ce, "Kwana da kwanaki nake lallaɓa ta don kada ta yi yoyo, shi kuma ya sa ƙusa." Arba'in ɗin nan da sun rage rabin tulin, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Duk da haka Hansai ta rubuta wa mutumin cewa randar Iya ba ta sayarwa ga mai huda ta, ta sauke kayan daga layin. Tanimu da ya ji, sai da ya yi dariya har da tafi.

Barira ba mai yawan magana ba ce. Ta karɓi wayar, ta bar layin masu sayarwa, ta koma karanta abin da masu saye ke rubutawa a ƙarƙashin kayan wasu. Kwana huɗu tana bi. A ƙarƙashin firji ta tarar da kuka iri ɗaya: zafi ya yi yawa, wuta ba ta zama, ruwan sha ya koma kamar shayi. Ta zo ta durƙusa gaban uwarsu ta ce, "Iya, mu muna ta tambayar da me aka yi randa. Mai saye ba yumɓu yake nema ba, ruwan sanyi yake nema." Ta sa randunan a rukunin kayan sanyaya ruwa, tsakanin firji da kula. Kafin la'asar waya ta fara ƙara.

Kwana biyu kawai aka yi, ma'aikatan kasuwar suka sauke kayan, wai an sa su inda ba wurinsu ba. Kuluwa ta kira su, aka ce ta yi haƙuri. Ta sake kira, aka ce ta mayar da su kayan ado. Washegari ta shimfiɗa ƙaiƙayi a buhu, ta sa randa ciki, ta rungume ta a cinya cikin mota har birni. Ta dire ta a ƙofar ofishinsu, ta cika ta da ruwa, ta zauna a inuwa tun hantsi har azahar. Da babbansu ya fito yana share gumi, ta tare shi.

"Ranka ya daɗe, layin nan me sunansa?"

"Kayan sanyaya ruwa, amma ai na zamani ake nufi."

"Haka aka rubuta?"

"Ba a rubuta ba."

"To firjinku na ciki yau yana aiki?"

Ya waiwayi ofishin da babu wuta tun safe. Ta ɗebo masa a moɗa. Ya sha, ya tsaya, ya miƙo moɗar a ƙara masa. Kafin ta kai tasha an mayar da randunan layinsu, shi ma ya ce a bar masa wannan.

Ranar da ruwan farko ya sauka, Malam Tanimu ya zo da magini da igiyar awo. Ya tarar da gindin katanga wayam, sai sawun randuna a ƙasa, ga sabon yumɓu an jiƙa. Iya Tabawa ta ɗebo masa ruwa daga randar ɗakinta, ta ce, "Sha, Tanimu. Ita kaɗai ta rage, kuma ba ta sayarwa ba ce." Ya sha, ya naɗe igiyarsa, ya juya.

Fili ya tsira. Amma tsufa ya kama Iya, ta san lokacin miƙa dutsen ya yi, kuma dutsen ɗaya ne. Ta kwance shi daga bakin zanenta, ta dubi 'ya'yanta. Ba don Hansai ba, da babu shagon, da kuma randar ta ƙare a matsayin tukunyar fure. Ba don Barira ba, da har yau tana yawo layi-layi ba wanda ya san amfaninta. Kuluwa kuwa, da ta karɓi haƙurin da aka ba ta, da ruwan ya sauka tulin yana nan.

Ƙurunƙus, nawa bakin ya tsaya nan, saura naku. To, a tafin wa Iya Tabawa za ta sa dutsen?