Turken Sarkin Magudana

A zamanin da, tun ana gane girman gari da kaurin ganuwarsa, an yi wani Sarki wanda ba ya tsoron mahara, ba ya tsoron fari, amma damina ta hana shi sakat. Birninsa shimfiɗaɗɗe ne, ruwan sama ba shi da mafita sai guda ɗaya. Babbar magudana ce ta taso daga cikin fada, ta ratsa unguwanni, ta bi ta unguwar marina masu rini, ta fice ta wata kafa a ƙarƙashin ganuwa. A cikin fadar kuma akwai wani kwari mai zurfi inda kaburburan iyayen Sarki suke. Wata shekara, Sarki yana can rangadi, ruwa ya cika kwarin ya rushe katanga a kan kabarin mahaifinsa. Da ya komo bai tambayi kowa dalili ba. Ya sa aka kamo Sarkin Magudana, wato shugaban masu gyaran hanyoyi da yasar magudanai, aka sare shi a bakin kasuwa.

Sa'an nan ya sa aka kafa turke a gindin kwarin, daidai bakin magudana, ya tara fadawa ya ce, "Wanda ya gaji sarautar nan, ranar da hadarin gaske ya haɗo, a ɗaure shi a turken can har ruwa ya ɗauke. In aikinsa ya yi kyau, sawunsa kaɗai zai jiƙe. In bai yi ba, ruwan da ya bari shi zai yi masa shari'a. Kuma ba mai kwance shi, ko da ni ne."

Birnin nan cike yake da masu neman rawani, waɗanda ko sarautar kaji aka ce za a naɗa sai sun kai gaisuwa. Ran nan kuwa wannan ya ce ciwon baya, wancan ya ce tafiya ta kama shi. Abu ya faɗo kan Makau, mataimakin wanda aka sare. Makau mutumin kirki ne, ya san aikinsa, sai dai Allah bai ba shi zuciya ba, ko talotalo ya buɗe fiffike sai ya sake hanya. Haka aka naɗa masa rawani.

To, birnin yana da wata al'ada da ta girmi kowa. Kowane aiki za a yi, a ƙofar fada ake fara shi, sai ƙofar Waziri, sai sauran masu sarauta bisa girmansu, sai attajirai, talakawan bakin ganuwa su ne ƙarshe. Haka ake rabon nama, haka ake yaɓe, haka kuma ake yasar magudana. Kowace shekara ma'aikata su ɓata bazara suna kankare ƙofofin manya, kafin su kai kafar ganuwa ruwa ya sauka. Sama a share, ƙasa a toshe. In ban da Sarki ba wanda bai san wannan ba, ba kuma wanda ya taɓa faɗa, don faɗarsa daidai take da cewa marina sun riga Sarki.

Makau ya ɗauki Jatau, dattijon da ya fi kowa daɗewa a aikin, suka gangara suka duba kafar. Laka da shara sun cika ta dam, ga wani kututturen giginya ya gilma a ciki.

Ya ce, "Baba Jatau, in mun bi layi, za mu iso nan kafin ruwa?"

Jatau ya ce, "Maigida, wanda ka gada ma a nan ya tsaya ya yi mini wannan tambaya. Ban ɓoye masa ba, ba zan ɓoye maka ba. Ba za mu iso ba."

Makau ya rasa inda zai sa kansa, ya nufi gidan Waziri. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi izinin a fara aiki daga ƙasa. Waziri tsoho ne mai hankali, amma hankalin nasa ya fi ƙarfi wajen tsare wuyansa. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya rage murya.

Ya ce, "Ban ji abin da ka ce ba, Makau, kunnena ya yi nauyi. Ni dai kowace safiya in na fito zuwa fada, abin da idona ya gani shi nake gaya wa Sarki. In na ga mutane a ƙofar fada da fartanyoyi, ana kiɗa, ƙura tana tashi, sai in ce ana aiki. Ba na ƙirga kawuna. Tashi ka tafi."

Makau ya gane. Ya raba mutanensa biyu. Tsofaffi da masu ciwon ƙugu ya zuba su a ƙofar fada tare da makaɗin gayya, ya ce su daki ƙasa, su yi waƙa, kada su yi sauri. Majiya ƙarfi kuwa ya tura su kafar ganuwa da kwanduna, Jatau yana kansu. Shi kansa ya zama ɗan zirga-zirga. Da safe yana ƙofar fada da rawani yana nuna wannan yana nuna wancan, da rana ya tuɓe ya shiga laka har ƙugu. In dogari ya yi masa sallama sai ya zabura. In ya ɗaga kai ya ga gajimare sai ya bar tuwo ya koma kafa. Tsoro biyu suka sa shi a tsakiya, na Sarki da na sama, ya rame har rawanin ya yi masa yawa.

Aiki ya yi nisa, saura kututturen nan da lakar da ke bayansa, sai asiri ya tonu. Wani attajiri, Madugu Anaruwa, ya gaji da jiran layi ya iso ƙofarsa. Ran nan ya je unguwar marina karɓar turamensa, ya tarar da ƙartin ma'aikata suna ta fama a kafa. Bai ko tsaya karɓar turamen ba, ya zarce fada yana huci, ya ce an fifita masu rini a kan masu daraja.

Aka kawo Makau gaban Sarki, laka ba ta gama bushewa a ƙafarsa ba.

Sarki ya ce, "Makau, tambaya zan yi maka. A birnin nan wa ke gaba, ni ko marina?"

"Kai ne, Zaki. Allah ya ja zamaninka."

"To, wa aka fara yi wa aiki?"

Makau ya dubi Waziri. Waziri ya duƙar da kai yana gyaran bakin rigarsa. Makau ya ga ba shi da kowa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu mun san girmanka. Ruwa ne bai sani ba. Shi gangare kawai yake bi, in ya tarar da ƙofa a rufe ya komo."

Sarki ya dube shi ya ce, "Ba zan sare ka ba, tun da na riga na naɗa maka alƙali. A komo da mutanensa duka ƙofar fada, dogarai su tsaya a kansu. A bi layi yadda iyayenmu suka bi."

Haka aka yi. Ƙartin nan suka dawo suna sharar wurin da ya riga ya sharu, suna satar kallon gabas. Ba a daɗe ba kuwa, wata ranar kasuwa bayan azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Dogarai suka zo suka kama Makau. Bai yi gardama ba, amma sai ɗaukarsa aka yi. Aka ɗaure shi a turke, hannuwa a baya. Sarki ya zauna a rumfar da ke bakin kwarin, fadawa suka jeru.

Ruwa ya kece. Da fari ya bi magudana ya fita abinsa, har Madugu Anaruwa ya fara murmushi. Can sai gudunsa ya ragu, ya tsaya, ya fara taruwa. Ya rufe idon sawun Makau, ya kai gwiwa. Makau yana ta salati.

Da ruwa ya kai ƙugu, Sarki ya miƙa wuya. Ruwan da ke bulbulowa daga bakin magudana zuwa cikin kwari ba jan ruwan ƙasa ba ne. Shuɗi ne, yana yaɗuwa a hankali, har farar rigar Makau ta fara rinewa.

Sarki ya ce, "Waziri, a gidana akwai ramin rini?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To, wannan shuni daga ina?"

Waziri ya ga yau ba wurin duƙar da kai. Ya durƙusa cikin feshin ruwa ya ce, "Daga unguwar marina, Zaki. Ruwa ya je kafa ya tarar a toshe, ya cika ramukan rini, ya komo mana da shi. Bara ma haka ya yi. Kafin ka dawo daga rangadi muka sa aka shafe bangon da farar ƙasa, don kada ka gani ka tambaya."

Sarki ya miƙe tsaye. Ya tuna mutumin da ya sa aka sare a bakin kasuwa. A karo na farko fadawa suka ga tsoro a fuskarsa. Ruwa kuwa ya kai ƙirjin Makau.

Waziri ya ce, "A kwance shi, ranka ya daɗe?"

Sarki ya ce, "Na ce ko ni ba zan kwance shi ba, magana ta riga ta fita. Amma ban ce kada a buɗe kafa ba. A saki mutanensa. Duk mai ƙafa a fadar nan ya bi su."

Jatau da ƙartinsa ba su jira a maimaita ba, suka zuba da gudu cikin ruwa, dogarai da fadawa suna biye, manyan riguna suna jan laka. A kafa ruwa ya kai wuya. Suka nutsa suka ɗaura wa kututturen igiya, kowa ya kama, ba a tambayi mai sarauta ba, ba a tambayi bawa ba.

A kwari kuwa saura Sarki da Waziri da mutumin da ke turke. Ruwa ya kai haɓar Makau. Ya ɗaga ƙafa ya tsaya a kan yatsu, ya mayar da kai baya, ruwan sama yana dukan idonsa. Ya ji ɗacin shuni a bakinsa. Ya daina salati da baki, ya koma yi a zuci. Sarki ya sauko har bakin ruwa yana cewa, "Ɗaga kanka, Makau, ɗaga kanka."

Sai aka ji wani ruri daga nesa, kamar an buɗe bakin rijiya. Ruwan ya yi rawa, ya juya, ya fara ja da baya. Ya sauka daga haɓa zuwa wuya, daga wuya zuwa ƙirji. Kafin hadari ya gama wucewa kwarin ya tsane, sai laka. Da ruwa ya ɗauke aka kwance Makau ya zube, shuɗi tun daga haɓa har ƙasa.

Washegari Sarki ya yi zaman shari'a. Ya sa aka nemo iyalan wanda aka sare, ya nemi gafararsu a gaban jama'a, ya ɗauki nauyinsu. Ya hukunta Madugu Anaruwa da ɗaukar kwandon laka har ƙarshen damina. Waziri kuwa ya sha faɗan da bai taɓa sha ba. Game da al'ada, Sarki ya ce ba zai karya ta ba. Aiki a gaban Sarki ake fara shi, saboda haka kowace bazara za a kai masa shimfiɗarsa bakin kafar ganuwa, ya zauna a nan a yi saran farko, a yi ta hawa har a ƙare a ƙofar fada.

Sa'an nan ya dubi Makau ya ce, "Roƙi abin da kake so."

Fadawa suka zaci doki zai ce, ko gida. Sai Makau ya ce, "Ranka ya daɗe, a tuge turken nan. Mai jin tsoro ba ya iya gaya maka gaskiya sai ruwa ya kai masa baki, kuma ba kullum igiya za ta ja kututture a kan lokaci ba."

Sarki ya ce a tuge.

Makau ya riƙe sarautarsa har ya tsufa, ruwa bai sake kwana a birnin ba. Shunin ya fita daga jikinsa kafin kaka, tsoron ne bai fita ba. Har ya mutu, in hadari ya haɗo, sai a gan shi tsaye a kan yatsun ƙafa, ya ɗaga haɓa sama, bai ma san yana yi ba. Iyakar abin da ya iso gare mu na labarinsa ke nan.