Reshen Tsamiyar Malam Sidi

An ce wani sarki ya taɓa kafa doka cewa duk reshen da ya tsallake katanga zuwa gidan maƙwabci, mai itacen ya sare shi. Asalin dokar kuwa, balbela ce ta yi kashi a kan rawanin waziri daga bishiyar maƙwabcinsa. An sha kafa dokoki a kan abin da bai kai wannan ba.

Gatura suka tashi, gari ya yi haske, har ya fi yadda ake bukata. Sai reshe guda ya rage, na tsamiyar wani dattijo masani, Malam Sidi; reshen ya leƙa gidan wata tsohuwa, Goggo Tabawa. Dogarai suka kai malam fada.

Sarki ya ce, "Malam, shela ba ta iso unguwarku ba?"

"Ta iso, ya sarki, da ƙarfinta ma."

"To tsamiyar ta wa?"

"Saiwa tawa, gindi nawa. Reshen kuwa, tun da ya haura katanga ban ƙara ɗanɗana 'ya'yansa ba. Ina tsoron in sare kayan wani."

Waziri ya ce, "Wayo ne, ranka ya daɗe. An cuci maƙwabciya, doka ta zo ƙwato mata haƙƙinta."

Malam ya ce, "Madalla. A kirawo wadda na cuta ta nuna mini inda zan sa gatari, yau zan sare."

Aka kirawo Goggo Tabawa. Ta durƙusa, ta yi gaisuwa, aka gaya mata cewa za a raba ta da reshen da ya dame ta.

Ta ce, "Ya dami wa? Allah ya ba ka nasara, da tsamiyar nan nake dama kunun sayarwa, a inuwarta nake kaɗi. In ganye ne, ai ina da tsintsiya. Ni ban aiki kowa ba."

Sarki ya dubi waziri ya ce, "Sauran maƙwabtan garin, an tambaye su?"

Waziri ya ga wani abin lura a jikin tabarma.

Sarki ya san reshen da aka sare ba ya jin umarni ya koma. Sannan ya sa aka sake shela: ba a taɓa reshe sai wanda ke ƙarƙashinsa ya nema. Malam ya koma ga littattafansa, Goggo ga tukunyarta.

Sarki ya ce wa fadawansa, "Adalcin da bai tambayi mai haƙƙi ba, gatari ne kawai."